Hidimar Kamfanin Taya Baƙi Neman Izinin Zama a Jamus: Abin da Kuɗin Mutum Ke Saya

Kamfanonin da ke taya baƙi haɗa takardun neman izinin zama sun yawaita a Jamus, musamman tun daga watan Maris na 2020 da dokar shigo da ƙwararrun ma'aikata ta fara aiki, kuma duk wanda ya taɓa bincika wannan batu a intanet ya san yadda tallansu ke bin mutum daga shafi zuwa shafi. Na yi hulɗa da ɗaya daga cikinsu a shekarar 2025, lokacin da na kammala digiri na biyu a wata jami'ar ƙasar, na sami aiki, kuma ya zama dole in sauya izinin karatu zuwa izinin aiki. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin tsarin aikinsu bai bambanta da na takwarorinsu ba, kuma abin da zan faɗa zai fi amfani idan mai karatu ya auna duk wanda ya ci karo da shi a kan wannan ma'auni. Hukuncina shi ne cewa ma'aikatansu sun san doka, sun iya tsara takardu, kuma sun kare ni daga matakin da zai iya jawo mini matsala babba, amma tallansu yana sa mutum ya ɗauka cewa suna da hannu a cikin saurin aikin hukuma, alhali ba su da shi ko kaɗan.

Kafin a fahimci abin da suke sayarwa, sai an san yadda lamarin yake. Dokar zaman baƙi da ake aiki da ita a Jamus ta fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 2005, kuma doka ce ta tarayya wadda ta shafi kowace jiha. Amma aiwatar da ita yana hannun ofisoshin kula da baƙi, waɗanda Jamusawa ke kira Ausländerbehörde, kuma ɗaruruwa ne, kowane birni ko gunduma da nasa. Mutum ba ya zaɓar ofishin da zai je, adireshin da ya yi rajista da shi ne ke yanke masa. Saboda haka doka ɗaya ce, amma wani ofishi yana karɓar buƙata ta shafin intanet, wani ta imel, wani kuma har yanzu ya fi amincewa da wasiƙar gidan waya, haka kuma tsawon jiran ganawa ya bambanta ƙwarai daga gari zuwa gari. A cikin wannan bambancin ne irin waɗannan kamfanoni suke samun abinci, domin baƙon da Jamusancinsa bai nuna ba yana iya karanta dokar har ya haddace ta, amma bai san ƙofar da ofishin garinsa yake buɗewa ba.

Hulɗar ta fara ne da tattaunawa ta bidiyo wadda ba a biya mata komai. Ma'aikaciyar da ta saurare ni ta yi magana da Turanci mai sauƙin fahimta, kuma tambayarta ta farko ita ce ranar da izinin da ke hannuna zai ƙare, ta biyu kuma ranar da fasfona zai ƙare. Sai daga baya ta tambayi albashi da irin aikin. Wannan jeri ya burge ni, domin ya nuna cewa ta san inda haɗarin yake. Daga nan ta bayyana mini cewa akwai hanyoyi biyu a gabana, wato izinin ƙwararru masu shaidar jami'a, ko kuma Shuɗin Katin Tarayyar Turai, izinin zama da aiki na masu digiri da albashinsu ya kai wani ma'auni, wanda Jamus ta fara bayarwa a 2012. Ta ce a 2025 ana buƙatar albashin Yuro 48,300 a shekara kafin cire haraji domin samun Shuɗin Katin, amma wanda ya sami shaidar jami'arsa cikin shekaru uku da suka gabata, ko yake aiki a fannin da ake ƙarancin ma'aikata, Yuro 43,759.80 sun ishe shi, da sharaɗin hukumar ayyuka ta tarayya ta amince. Albashina ya faɗa tsakanin waɗannan adadi biyu, don haka na cancanta ta ƙaramin ma'aunin.

A nan ne na fara ganin amfaninsu na gaskiya. Ma'aikaciyar ba ta tsaya ga cewa na cancanta ba, ta shimfiɗa mini abin da kowace hanya za ta haifar nan gaba. Mai Shuɗin Kati yana iya neman izinin zama na dindindin bayan wata 27 yana aiki yana biyan kuɗin fansho, ko bayan wata 21 idan Jamusancinsa ya kai matsakaicin matakin da ake kira B1, yayin da ƙa'idar gama-gari ita ce shekara biyar da biyan kuɗin fansho na wata 60. Ta ƙara da cewa wanda ya yi karatunsa a Jamus yana da tasa hanyar ta shekara biyu ko da ba shi da Shuɗin Katin, don haka bambancin a wurina bai kai yadda ake zuzuta shi ba ta wannan fuskar. Inda ya fi tasiri, in ji ta, shi ne wajen tafiya: Shuɗin Katin ba ya mutuwa sai mutum ya yi wata 12 a wajen ƙasar, saɓanin wata shida da ke kashe yawancin sauran izini. Kamfanin da ke son kuɗi kawai zai iya cewa Shuɗin Katin ya fi komai, ya wuce wurin. Ita kuwa ta nuna mini inda ya fi da inda bai fi ba, ta bar mini zaɓi.

Batun farashi shi ne wurin da na fara ja da baya. An kasa hidimar gida uku, daga duba takardu kawai zuwa cikakken wakilci, kuma matsakaicin da na ɗauka ya ninka kuɗin da gwamnati ke karɓa sau da yawa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa: kuɗin bayar da izinin zama a hukumance Yuro 100 ne, sabuntawa na fiye da wata uku Yuro 93, izinin dindindin na gama-gari kuma Yuro 113. Waɗannan kuɗaɗen ba sa cikin farashin kamfanin, mutum ne zai biya su da hannunsa a ofis, kuma an rubuta hakan ne da ƙananan haruffa a ƙarshen yarjejeniyar. Haka ma rakiya zuwa ganawa, wadda hoton da ke shafinsu ke sa mutum ya zata tana cikin kowane rukuni, ashe kuɗinta daban. Ba ƙarya suka yi ba, komai yana rubuce, amma an rubuta shi a inda mai gaggawa ba zai duba ba, kuma kusan duk wanda ya zo wurinsu mai gaggawa ne.

Akwai kuma wani akwati da ake buƙatar mutum ya sa wa alama kafin ya biya, wanda ke cewa ya yarda a fara aiki nan take. Dokar kare masu saye ta ba mutum kwana 14 ya janye daga yarjejeniyar da ya ƙulla ta intanet, amma idan ya nemi a fara aiki kafin wa'adin ya cika, to zai biya ladan abin da aka riga aka yi, idan kuma aikin ya kammala, haƙƙin janyewar ya faɗi. Wannan halal ne a doka, kuma ba yadda za a yi su jira mako biyu alhali izinin mutum yana gab da ƙarewa. Abin da na so shi ne ma'aikaciyar ta faɗe shi da baki a lokacin tattaunawa, tunda ta sami lokacin bayyana abubuwan da suka fi shi wuya.

Bayan biya, an buɗe mini shafi na kaina inda zan ɗora takardu, kowace da gurbinta, kuma gurbin yana sauya launi idan an duba takardar an amince da ita. Tsarin yana da kyau, yana aiki a waya kamar yadda yake aiki a kwamfuta. An nemi hoton fasfo, da katin izinin da ke hannuna tare da 'yar takardar sharuɗɗa da ke rakiyarsa, da shaidar rajistar adireshi, da yarjejeniyar haya, da shaidar inshorar lafiya, da shaidar kammala karatu, da yarjejeniyar aiki, da kuma fom ɗin da mai ɗaukar aiki ke cikawa game da matsayin aikin da albashinsa. Sai dai jerin da aka fara turo mini na kowa da kowa ne, ba a gyara shi bisa halina ba. A ciki har da buƙatar in kawo shaidar cewa an tantance digirina a anabin, wato rumbun bayanan hukuma kan digirorin ƙasashen waje, ko a ofishin tantance shaidun karatun ƙasashen waje da ke birnin Bon, alhali digirin da nake neman izinin da shi na jami'ar Jamus ne, ba ya buƙatar wannan. Da na yi magana sun cire shi tare da ba da haƙuri, amma wanda bai sani ba zai iya ɓata makonni da kuɗi yana neman takardar da babu mai tambayarsa ita. Kamfanin da ya karɓi kuɗi domin ya raba mutum da ruɗani bai kamata ya ƙara masa wani ba.

Duban da suka yi wa takardun kansu kuwa ba shi da makusa. Ma'aikacin da aka damƙa wa fayil ɗina ya lura cewa a fom ɗin da wurin aikina ya cika, an rubuta albashin wata ba tare da an nuna cewa akwai ƙarin albashin ƙarshen shekara da yarjejeniyar ta tabbatar ba, ta yadda idan aka ninka adadin sau 12 zai saɓa da na yarjejeniyar. Ya kuma lura cewa sunan aikin da aka sa a fom ɗin ya yi faɗi da yawa, bai nuna alaƙarsa da abin da na karanta ba, alhali Shuɗin Katin yana buƙatar aikin ya dace da karatun. Ya rubuta wa sashen ma'aikata na wurin aikina wasiƙa da Jamusanci, gajeriya, mai ladabi, ya nuna musu layukan biyu da lambobinsu, aka gyara. Da fom ɗin ya tafi yadda yake, da jami'in ofis ya dawo da shi da tambaya, kuma kowace tambaya a irin wannan aiki tana nufin fayil ɗin ya koma ƙasan tarin. Ya kuma ja hankalina cewa wa'adin katin ba ya wuce wa'adin fasfo, don haka ko da doka ta yarda a ba da Shuɗin Kati na shekara huɗu, wanda fasfonsa ya rage saura shekara ɗaya da rabi zai karɓi kati mai gajeren wa'adi, sannan ya sake dawowa a buga masa wani bayan ya sabunta fasfo.

Abin da ya fi komai daraja a cikin hidimar gaba ɗaya shi ne yadda suka kula da batun wa'adi. Sashe na 81 na dokar zaman baƙi ya tanadi cewa idan mutum ya shigar da buƙatar sabuntawa ko sauya izini kafin na hannunsa ya ƙare, to tsohon izinin yana ci gaba da aiki har sai hukuma ta yanke hukunci. Abin da ake dubawa shi ne ranar da buƙatar ta isa ofis, ba ranar da aka ba mutum ganawa ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su zauna suna ta sabunta shafin neman ganawa dare da rana har izinin ya ƙare, alhali rubutacciyar buƙata da ta isa a kan lokaci ta wadatar wajen kare zamansu. Kamfanin ya shigar da buƙatar tun kafin dukkan takardun su kammala, ya rubuta cewa sauran suna tafe, sannan ya turo mini shaidar isarta mai ɗauke da kwanan wata, ya ce in buga ta a takarda in riƙa yawo da ita tare da fasfo da tsohon katin. Da tsohon katin ya ƙare ba a kira ni ba, wannan shaidar ce na nuna wa wurin aikina, hankalin kowa ya kwanta.

Daga baya ofishin ya ba ni takardar riƙon ƙwarya da ake kira Fiktionsbescheinigung, wadda ake biya wa Yuro 13. Takarda ce mai ninki uku, ba kati ba, tana ɗauke da 'yan akwatuna da jami'i ke sa wa ɗaya alama, kuma wannan alamar ce ke yanke abin da mutum zai iya yi. Idan an sa ta a akwatin sakin layi na 4 na sashe na 81, wato tsohon izini na ci gaba da aiki, mutum yana iya fita ƙasar ya dawo muddin takardar ba ta ƙare ba. Idan kuwa a sakin layi na 3 aka sa, zamansa a cikin ƙasar halal ne, amma idan ya fita ba zai shigo da ita ba. Ma'aikacin ya ce in ɗauki hoton takardar in turo masa kafin in bar harabar ofishin, ya duba akwatin da layin sharuɗɗan aiki, sannan ya amsa cewa komai daidai ne. Wannan ƙaramin abu ne, amma irinsa ne ke raba wanda ya san aiki da wanda ke cika fom kawai.

Haɗe da wannan akwai gargaɗin da suka yi mini, wanda nake ganin shi kaɗai ya biya rabin kuɗin. Tsohon izini yana ci gaba ne tare da tsoffin sharuɗɗansa. Izinin karatu ya yarda ɗalibi ya yi aikin cikakkun kwanaki 140 ko rabin kwanaki 280 a shekara, adadin da aka ƙara daga 120 da 240 a watan Maris na 2024, kuma shigar da buƙatar Shuɗin Kati ba ya mayar da mutum mai Shuɗin Kati. Wurin aikina ya so in fara a ranar da aka rubuta a yarjejeniya, kuma wani a sashen ma'aikata ya ɗauka cewa tunda an shigar da buƙata an gama. Kamfanin ya rubuta musu cewa a dakata har sai an rubuta amincewa da wannan aikin a takarda, ya kuma roƙi ofishin ya sa amincewar a takardar riƙon ƙwarya da zarar hukumar ayyuka ta ba da amsa, ba sai an jira kati ba. Haka aka yi. Yin aiki ba bisa izini ba laifi ne da ke jawo tara ga ma'aikaci da mai ɗaukarsa, kuma yana iya ɓata buƙatar da ake jira.

Inda hidimar ta gaza shi ne tsakanin shigar da buƙata da samun ganawa, kuma wannan ne mafi tsawon zango. Tallan kamfanin yana magana a kan sauri da kuma kyakkyawar alaƙa da hukumomi, kalmomin da aka zaɓa da wayo domin ba su yi alkawarin komai ba amma suna dasa fata. Gaskiyar ita ce wasiƙarsu tana shiga akwati ɗaya da wasiƙar kowa, kuma haka ya kamata ta kasance, domin da kuɗi na sayen gaba a layin gwamnati da lamarin ya zama wani abu dabam. Hukumar ayyuka tana da wa'adin mako biyu ta amsa tambayar ofis, idan ba ta amsa ba a ɗauka ta amince, amma wa'adin ba ya fara tafiya sai ofishin ya tura mata tambayar, kuma babu wanda ke waje da zai iya sa a tura. A wannan zangon an sauya ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗina ba tare da an sanar da ni ba, sabuwar da ta gaje shi ta tambaye ni abubuwan da na riga na amsa, kuma amsar imel da a farko take zuwa a yini ɗaya ta koma ɗaukar kwanaki. Lambar wayarsu tana kai mutum ne ga masu karɓar sababbin abokan ciniki, ba ga mai riƙe da fayil ba. An ji ni da kyau kafin in biya fiye da bayan na biya, kuma wannan ba hali ne mai kyau ba ga kamfanin da jarinsa shi ne kwanciyar hankalin mutane.

A wannan lokacin ne kuma iyakar ikonsu ta bayyana. Na tambaya ko akwai matakin doka da za a ɗauka idan jiran ya yi tsawo, sai aka ce mini wannan tambaya ce ta lauya, kuma suna da lauyan da suke hulɗa da shi, amma kuɗinsa daban. Matsayinsu daidai ne. Dokar hidimomin shari'a ta 2008 ta taƙaita wanda zai iya ba da shawarar doka a kan shari'ar wani mutum, kuma kamfanin haɗa takardu ba ofishin lauya ba ne. Matakin da nake tambaya a kai sananne ne: idan hukuma ta yi wata uku ba ta yanke hukunci ba, ba tare da isasshen dalili ba, ana iya kai ƙarar jinkiri gaban kotun harkokin mulki. Amma wanda ya karanta shafinsu zai ga kalmar ƙwararru a ko'ina, ba zai ga inda aka ce ba lauyoyi ba ne sai ya gangara ƙasa. Ga wanda lamarinsa ke da sarƙaƙiya, misali wanda aka taɓa ƙi masa izini, ko wanda wa'adinsa ya riga ya wuce, ko wanda ake shakkar takardun haihuwarsa ko na aurensa, ya fi masa ya tafi wurin lauyan da ya ƙware a dokar baƙi kai tsaye, da ya biya kamfani kuɗi sannan kamfanin ya tura shi can.

Ganawar kanta ba ta ɗauki lokaci ba, kuma ban biya kuɗin rakiya ba, ban kuma ga buƙatarta ba. Takardar shiri da suka turo mini ta wadatar: ta ce in zo da ainihin kowace takarda, ba kwafi kaɗai ba, ta tuna mini cewa tun daga 1 ga Mayun 2025 an koma karɓar hoto ta na'ura, wato ko a ɗauka a ofis ko a wurin mai hoton da ke tura shi ta amintacciyar hanya ya ba mutum lambar da za a karanta, ta kuma ce in tanadi katin banki domin ba kowane ofishi ke karɓar tsabar kuɗi ba. An ɗauki zanen yatsu biyu da sa hannu, domin tun daga 1 ga Satumban 2011 izinin zama kati ne mai ƙwaƙwalwar lantarki, kuma wannan ne dalilin da ya sa babu wakilin da zai iya halartar ganawar a madadin mutum, komai ƙarfin takardar wakilcin da ya riƙe. Ana buga katin ne a maɗaba'ar tarayya da ke birnin Balin, kuma yana ɗaukar makonni. Sun tuna mini in tabbata sunana yana manne a jikin akwatin wasiƙun gidan da nake, rubuce kamar yadda yake a fasfo, domin mai raba wasiƙa a Jamus suna yake bi, idan bai gan shi ba sai ya mayar da wasiƙa inda ta fito.

Bayan na karɓi katin sun turo mini shafi ɗaya na abubuwan da suka rage a wuyana, kuma na yaba da shi. A ciki akwai cewa in karanta 'yar takardar sharuɗɗa da aka haɗo da katin, kuma idan na sauya wurin aiki a cikin wata 12 na farko dole in sanar da ofishin. Akwai kuma cewa katin yana ba ni damar ziyartar sauran ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, na kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma ba ya ba ni damar zama ko aiki a can, sannan idan na tashi daga gida in yi rajistar sabon adireshi cikin mako biyu. Abin da ba su ambata ba shi ne makomar takarduna da ke shafinsu, wato fasfo da albashi da yarjejeniyar haya da shaidar inshora. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, kuma da na nema sun goge, sun aiko da tabbaci a rubuce, ban da rasit da doka ta tilasta musu ajiyewa. Ya kamata su riƙa tayin hakan da kansu.

Dole kuma a auna wannan hidima da abin da ake samu kyauta. Ofisoshin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'o'i suna ba da bayani a kan sauya izini. Ƙungiyoyin jin ƙai irin su Caritas da Diakonie da AWO suna da cibiyoyin ba baƙi manya shawara waɗanda gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinsu, ba a biyan ko sisi, kuma ma'aikatansu sun san ofishin garinsu ciki da bai, wani lokaci fiye da kamfanin da ke aiki daga nesa ta intanet. Shafin gwamnati na Make it in Germany yana ɗauke da sharuɗɗan kowane izini da adadin albashin shekarar da ake ciki. Bambancin shi ne a waɗannan wuraren mutum ne zai bi sawun fayil ɗinsa, ya rubuta wasiƙunsa, ya yi magana da wurin aikinsa, kuma su ma sai an jira ganawa. Kamfanin ya ɗauke mini rubutun Jamusanci da kai-komo da sashen ma'aikata a lokacin da nake tsakiyar shirin fara aiki da neman gida, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wanda Jamusancinsa ya kai ya rubuta wasiƙar ofis, kuma buƙatarsa sabuntawa ce kawai ba tare da sauyin dalilin zama ba, ba ya buƙatar wannan kamfani, domin abin da zai biya ya fi ƙarfin aikin da za a yi masa. Wanda ke sauya izini daga karatu zuwa aiki, ko yake shirin kawo iyali, ko wurin aikinsa bai taɓa ɗaukar baƙo ba, zai amfana, kuma rukunin duba takardu da shigar da buƙata ya ishe shi, ba sai ya ɗauki mafi tsada ba. Kafin ya sa hannu, ya nemi a rubuta masa sunan wanda zai riƙe fayil ɗinsa da hanyar samunsa kai tsaye, da jimillar kuɗin da zai kashe har da na gwamnati da na rakiya, da kuma ko akwai lauya a cikin farashin. Idan wani ma'aikaci ya yi masa alkawarin ranar da kati zai fito, ko ya ce yana da wanda zai sama masa ganawa ta bayan fage, to ya nemi wani kamfanin. Wanda na yi hulɗa da shi bai taɓa yi mini irin wannan alkawarin da baki ba, kuma zan iya komawa wurinsa idan lokacin kawo iyali ya yi, amma neman izinin dindindin da kaina zan yi shi.